Makaho Ɗaya Ne Ko Biyu?

Na daɗe a Doha, na kuma ga abubuwa iri-iri, da yawansu sun goge a raina kamar ba a yi ba. Amma zuwan da mahaifin abokin zamana ya yi domin a yi masa aikin ido, da abin da ya biyo baya a ɗan falonmu na unguwar Al Thumama, wannan kam ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe mini ido.

Ni mutumin Haɗeja ne, injiniya, ina aiki da wani kamfani mai kula da bututun gas. A can na haɗu da shi. Ranar da na fara jin sa yana waya da Hausa a wurin cin abincin ma'aikata, sai da na ajiye cokali na juya, domin Hausar tasa ta fi ta wasu 'yan garinmu daɗin ji. Ashe mutumin kudancin Gombe ne, ɗan wani tsohon mai bishara da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon wa'azi ƙauye-ƙauye a kan keke. Aikinsa a kamfanin shi ne duba walda. In an haɗa bututu, shi zai bi da na'ura ya ga ko akwai tsaga a ciki, in bai sa hannu ba kuwa ba a sakin gas. Iyalina suna gida a lokacin, shi kuma bai yi aure ba, sai muka kama saman wani gida tare, kowa da ɗakinsa, falo da kicin na tarayya.

Na ɗauka da Kirista nake zaune, irin wanda na saba gani. Dalili kuwa, kusan kullum in mun dawo daga aiki zan gan shi a teburin cin abinci da Littafi Mai Tsarki a gabansa, ba ma guda ɗaya ba: na Hausa, na Turanci iri biyu, ga wasu littattafan tarihi masu kauri a gefe. Sai dai na lura ranar Juma'a, lokacin da Kiristocin Doha suke tururuwa zuwa Mesaimeer inda aka tara musu coci-coci a wuri ɗaya, shi yana gida yana wanki. Da na gaji da zato sai na tambaye shi.

Ya ce, "Malam, ni ban ce akwai Allah ba, ban kuma ce babu ba. Ban sani ba ne kawai."

Na ce, "To wannan uban karatun na mene ne?"

Ya ce, "Saboda rashin sanin mana. Da na sani ai da na rufe littafin na kwanta."

A hankali na fahimci yadda yake karatunsa. Linjila a wurinsu labari ne da marubuta huɗu suka bayar, kowa da nasa. To shi sai ya ɗauki labari ɗaya, ya bi shi a wurin dukkansu, ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Zai tambayi wa ya rubuta, yaushe, don su wa, wa ya riga wani, wa ya kwafa daga wani. Ban taɓa jin ya yi wa littafin ba'a ba. Hasali ma in ya ga masu zagin addini a intanet ba tare da sun karanta komai ba, tsaki yake yi ya kashe wayar. Yakan ce littafin da ya rene shi ne, ba zai yar da shi ba sai ya saurare shi har ƙarshe, ba kuma zai karɓe shi don kawai babansa ya karɓa ba.

Ni kuwa da na ji haka, sai na ga ƙofa ta buɗe mini. Na zaunar da shi na yi masa bayanin Musulunci iyakar sanina. Ya saurare ni tsaf, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tambayoyin da nake yi wa littafin babana, su zan yi wa naka, babu ragi. Ka yarda?" Na ce na yarda, domin ni ban taɓa jin tsoron tambaya a kan addinina ba. Muka yi ta yi. Wasu na amsa nan take, wasu na kai wa malamai na dawo masa da amsa, wasu ya ce ya ji, wasu ya ce bai gamsu ba. Ni ina nan inda nake, shi yana nan inda yake, muna cin shinkafarmu a faranti ɗaya.

Wanda bai san da wannan hali ba shi ne babansa. In sun yi waya tsohon ya tambaye shi ko yana zuwa sujada, sai ya ce, "Baba, kullum ina cikin karatun Littafi." Gaskiya ce kuwa, sai dai ba ita aka tambaya ba. Na sha gaya masa wannan hanya ba mai ɓullewa ba ce. Yakan ce ya sani, yana jiran lokaci ne.

Lokacin ya zo da kansa. Yanar ido ta rufe wa tsohon ido biyu, har ya kai sai da madubin ƙara girman rubutu yake iya karatu, shi ma da ƙyar. Abokina ya nema masa bizar ziyara, ya kama masa layi a wani asibiti. Tare muka je ɗaukarsa a filin jirgi, tunda ba mu da nisa. Dogo ne siriri, cikin kaftani mai ruwan toka da hula, ya rungume wata baƙar jakar fata mai zif wadda Littafinsa na Hausa yake ciki. Ya kawo mana kuka da daddawa da garin kunu. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyayena da maiɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar farko na ga irin mutumin da yake: in na shimfiɗa darduma zan yi salla, sai ya rage muryar rediyonsa ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

Ashe tun daga gida wani ya haɗa shi da shugaban wata ikilisiyar 'yan Najeriya da ke Mesaimeer. Sun yi waya, tsohon ya shaida masa da alfahari cewa ɗansa injiniya zai tsaya ya yi karatun ranar a gaban jama'a, sannan su ci Jibin Ubangiji tare, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi suke karɓa a sujada. Bai gaya wa ɗan ba sai da muke cikin mota ranar Juma'a da safe. Ni nake tuƙi, da niyyar in sauke su in wuce masallaci idan lokaci ya yi.

Na ga fuskar abokina ta madubi. Muka shiga wurin ajiye motoci, inda mutane suke ta wucewa da lema saboda rana, Indiyawa da 'yan Filifin da 'yan Afirka, kowa ya yi ado. Da na tsaya sai ya ce, "Baba, zan raka ka ciki, in zauna kusa da kai har a tashi. Amma ba zan yi karatu a gaban jama'a ba, ba zan kuma ci Jibi ba."

Tsohon ya ce, "Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Ban tabbata da abin da ke cikin Littafin ba ne, Baba. Ban ma tabbata akwai wanda muke yi wa addu'a ba. Ban ce babu ba, amma ban sani ba."

Can tsohon ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ina jami'a."

"Duk wayar nan da muke yi?"

"Ban taɓa ce maka na je sujada ba."

"Ba ka kuma taɓa ce mini ba ka je ba."

Ya lalubi marfin ƙofa ya buɗe. Ɗan ya zagayo da sauri zai kama masa hannu, tsohon ya janye hannunsa. Wani saurayi mai nuna wa mutane hanya ya ga tsoho yana lalube, ya zo ya kama shi suka shige. Muka zauna a mota mu biyu. Na ce masa, "Duk gidan nan da muke da shi, ba ka tashi faɗa ba sai a ƙofar coci?" Ya ce, "Da ya gaya mini tun jiya da na faɗa tun jiya. Amma in tsaya gaban mutane in karanta, in rufe da cewa wannan maganar Ubangiji ce alhali ban tabbata ba, wannan sa hannu ne a kan abin da ban gama dubawa ba." Na san shi, na san ba taurin kai ba ne.

Gidan ya zama wani iri. Tsohon ya daina yi wa ɗansa magana sai abin da ya zama dole. Ni ma gaisuwar da yake ba ni ta koma "lafiya" guda ɗaya, in na dafa abinci sai ya ce ya ƙoshi, ya dama kununsa da kansa. Ranar da aka sa za a yi aikin idon muka je asibiti, aka auna shi, likitar ta kira ɗan gefe ta ce jininsa ya hau ƙwarai, ba za ta taɓa idon ba sai ya sauka. Ta ƙara masa magani, ta kuma tambaya ko akwai abin da ke damun tsohon. Ga biza tana da iyaka, ga layin asibiti in ka rasa shi sai ka sake jira. Tsohon kuwa da muka dawo cewa ya yi a saya masa tikiti, gara ya koma gida da makantarsa.

Washegari ina hutu, abokina yana wurin aiki. Bayan na idar da la'asar sai na ji muryar tsohon daga falo: "Malam, zo ka zauna." Na zo na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allahn da kake yi wa salla. Kai ka juya mini yaro?"

Na san daga inda tambayar ta fito. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san irin zargin da ke tsakanin mutanenmu a kan wannan batu, da irin abin da ya sha jawowa. Ban ji haushi ba, ban kuma ga dalilin kwana-kwana ba.

Na ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, na yi ƙoƙari. Na kira shi zuwa addinina ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, domin ina ganin shi ne gaskiya kamar yadda kake ganin naka. Ya ƙi ni kamar yadda ya ƙi ka. A haka na same shi, a haka yake."

Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun nan farare. "Kai ma ka gwada?"

"Har malamai na ɗauko masa."

Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun ranar Juma'a. Amma ba ta daɗe ba. Ya ce, "Da ma kai ya bi, da na yi kuka na share hawaye, don na san inda zan neme shi. Cikin Musulmi na tashi, ƙanwar mahaifiyata Musulma ce, a bayanta na yi wayo. Amma wannan 'ban sani ba' ɗin, ina ne? Wane gari ne?"

Na ce, "Ni ma ban san garin ba, Baba. Amma na zauna da mutumin. Ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa har gida suke zuwa gaishe shi daga unguwar Asian Town. Littafin nan naka kuwa ba ya kwana bai buɗe shi ba. Wanda ya raina abu ba ya ba shi lokacinsa haka. Kuma ka duba, ranar nan da ya so, da ya tsaya ya yi karatun, ka ji daɗi, a yi maka aikinka, ka koma gida da farin cikin da ba na gaskiya ba. Ya kasa. Wa ya koya masa kasa yin ƙarya?"

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Me ka dafa yau?" Na ce miyar kuka ce da tuwon semo. Ya ce a zubo.

Ba zan ce maganata ce ta sauke masa jini ba, maganin likita ma ya yi aikinsa. Amma maganar tikiti ta mutu, da aka sake aunawa aka ce ya yi daidai, aka yi aikin idon dama. Da aka cire masa abin da aka rufe idon da shi yana ganin mutane da kujeru, har ya ce bai san labulenmu shuɗi ne ba, amma ƙananan rubutu sun gagara. Tsohon tabaraunsa ya daina yi masa amfani, sabo kuma sai idon ya warke. Ga shi mutum ne da bai taɓa karya kumallo ba sai ya yi karatun safe. Da ɗansa kuwa har lokacin sama-sama suke, ko maganin ɗigawa ni yake kira in ɗiga masa.

Ranar Asabar da hantsi muna gida duka. Abokina yana kicin yana soya ƙwai, ni na kawo shayi. Tsohon ya zuge zif ɗin jakarsa ya miƙo mini Littafin. Ya ce, "Malam, ka taimake ni da idonka. Labarin makahon Yariko nake so." Ban ji wani ɗar ba, domin mu ma mun yi imani Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da makafi da izinin Allah. Matsalar ita ce ban san inda zan buɗe ba. Ya ce in nemi marubuci na uku, in yi can wajen ƙarshe. Na yi ta juya shafi har na samu.

Na karanta masa a hankali. Labarin wani makaho ne da ke zaune a bakin hanya lokacin da Yesu, kamar yadda suke kiransa, yake gab da shiga garin. Ya ji hayaniyar taro, ya tambaya, aka gaya masa wanda ke wucewa, ya shiga kira. Aka ce ya yi shiru, ya ƙara ɗaga murya. Aka kawo shi, aka tambaye shi abin da yake so, ya ce gani, ya kuwa gani. Tsohon yana gyaɗa kai, leɓensa yana bin kalmomin kafin in kai gare su.

Sai ga murya daga kicin, ƙasa-ƙasa, kamar da kaskon ake magana: "A wurin marubuci na biyu lokacin fita garin ne, ba shiga ba. A wurin na farko kuma makafi biyu ne."

Na tsaya. Tsohon ya ɗaga kai. "Wa ke magana a kicin? In kana da magana, zo ka faɗe ta a gabana."

Ya fito da cokalin suya a hannu. Tsohon ya nuna masa kujera, ya ce mini, "Ba shi Littafin." Bai ko duba jerin shafuka ba, ya buɗe wuraren biyu da suka rage, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Haka ne kuwa. Wuri ɗaya mutum ɗaya da shiga, wuri ɗaya mutum ɗaya da fita, wuri ɗaya mutum biyu.

Ya ce, "Wanne ne ya faru, Baba? Makaho ɗaya ne ko biyu?"

Na zaci tsohon zai yi faɗa. Sai ya ce, "Tun kafin a haife ka nake wa'azi da labarin nan. Ka ɗauka ban taɓa gani ba? A makarantar Littafi malaminmu ya ce wataƙila garin biyu ne, tsoho da sabo, ana fita wannan ana shiga wancan. Ya ce wataƙila biyun ne, sauran suka ambaci wanda ya fi magana."

"Ka gamsu?"

"Ban gamsu sosai ba. Na ajiye shi a gefe na ci gaba da tafiya."

Abokina ya kalle shi kamar yau ya fara ganinsa. Na tabbata a duk shekarun da ya yi yana tsara yadda wannan zance zai kasance, bai taɓa kawo wannan amsar a ransa ba.

Tsohon ya ci gaba: "Ranar da aka haife ka, ka tambayi gwaggonka za ta ce ana ruwa. Ni kuwa na san an ɗauke ruwan kafin in tafi kiran ungozoma. Har yau muna musu. To ba a haife ka ba ke nan?"

"An haife ni, Baba. Amma haihuwa kullum ana yi, ko shaidu sun saɓa ba wanda zai yi mamaki. Makaho ya gani da magana ɗaya kuwa ba kullum ba ne. In abu ya fita daga al'ada, shaidarsa ya kamata ta fi ƙarfi, ba ta fi rauni ba. Waɗanda suka rubuta kuma sun rubuta ne bayan shekaru, akwai ma alamar wani ya duba na wani."

Tsohon ya shafa gemunsa. "Wannan ba ni da amsarta." Haka ya faɗa, kai tsaye, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. "Amma ni ba lissafin makafi ne ya sa na ba da gaskiya ba. Ranar da muka dawo daga binne mahaifiyarka, kuna ƙanana, na shiga ɗaki ban san yadda zan fito ba. Abin da ke cikin Littafin nan ne ya tsayar da ni na dafa muku abinci."

"Na sani. Na gani da idona, ba zan taɓa musun wannan ba. Amma abu ya riƙe mutum daban, a ce ya faru kuma daban. Ni na biyun nake nema."

Na ce a raina yau kam jinin zai sake hawa. Na fara neman abin da zan faɗa in raba zancen. Tsohon ya riga ni.

Ya ce, "Shakkarka ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Zan mutu ina yi maka addu'a a kanta. Amma abin da ya hana ni barci kwanakin nan ba ita ba ce. Shekarun nan ne da ka ɗauke ta kai kaɗai, ka yanke cewa babanka ba zai iya jin tambaya ba. Me na yi maka da ka ga haka?"

Abokina ya ajiye cokalin a kan tebur ya rufe fuska da hannu. Da ƙyar ya ce, "Tsoro na ji kada in karya maka zuciya." Tsohon ya ce, "Ta karye ai, ga ta nan kuma tana aiki."

A nan ne ƙaurin ƙwai ya iso mu, na ruga na kashe wuta. Da na dawo tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ku naku littafin me ya ce, ɗaya ne ko biyu?" Na ce an dai faɗa mana ya warkar da makaho da izinin Allah, ba a kawo adadi ba. Ya ce wa ɗansa, "Ka gani, su sun huta da ƙirga." Muka yi dariya mu uku, muka karya da burodi da shayi kawai. Da lokacin magani ya yi na tashi zan ɗauko, ya ce in zauna, mai tambayoyi ya zo ya ɗiga.

Daga ranar karatun safe ya koma hannun ɗan. Sharaɗin tsohon shi ne a karanta wurin gaba ɗaya tukuna ba katsewa, sannan a yi tambaya. Kada wani ya ɗauka kullum cikin daɗi ake tashi. Akwai safiyar da suka yi ta ɗaga murya a kan su wa suka fara zuwa kabarin Yesu, har tsohon ya ce "khalas", wato shi ke nan, kalmar Larabci da ya tsinta a bakinmu, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Akwai kuma ranar da ya kawo wata amsa daga al'adar makiyaya da ɗan ya ce bai taɓa duba wurin ta wannan fuskar ba. Wani lokaci su juyo kaina su biyu, in kare nawa, in kuma ji daɗin karewar.

Aka ƙara wa tsohon kwanakin biza, aka yi ɗaya idon, aka yanka masa sabon tabarau. Juma'ar ƙarshe na sake kai su Mesaimeer, wannan karon hannunsa cikin na ɗansa. Da suka fito abokina ya ba ni labari. Tsohon ne ya yi karatun da kansa a gaban jama'a. Da aka zo Jibi ɗan ya zauna a wurinsa. Bayan an tashi shugaban ikilisiyar ya matso yana tambayar dalili, tsohon ya ce masa, "Yana kan bincike. Ku bar shi, ni ne babansa."

A filin jirgi ya riƙe hannuna da nasa biyu ya sa mini albarka, ya ce in gaida iyalina. Sannan ya rage murya ya ce, "Ka ci gaba da jan sa ta nan, ni ina ja ta can. Wanda Allah ya ba, shi ke nan." Na ce na karɓa.

Shekaru sun wuce. Abokina ya yi aure ya bar gidan, ni ma iyalina sun zo. Tsohon yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, suna karatunsu ta waya duk ranar hutu, suna musunsu. Bai sauya addininsa ba, ɗansa bai samu tabbacin da yake nema ba, ni ma ban matsa daga nawa ba ko taku ɗaya. Amma na fita daga wannan al'amari da abin da ban shiga da shi ba. Na gane mai tambaya da gaske ba abokin gaban imani ba ne, kuma imanin da ya kafu ba ya raguwa don mai shi ya ce ba shi da amsar wani abu. Abin da ke raba uba da ɗa shi ne shirun da ɗan yake yi don yana tsoro. Shi ya sa ranar da babbar 'yata ta dawo daga makaranta da wata tambaya a kan ƙaddara, irin wadda a zamaninmu tsawa ake amsa ta da ita, na ga tana raɓe-raɓe a bakin ƙofa tana auna fuskata, sai na kashe talabijin na matsa mata a kan kujera. Na ce ta zo ta faɗa duka, kada ta rage komai.